Kwalayen Umma

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka rufe wurin aikinmu, wai sai cutar nan ta lafa. Daga can na wuce kantin magani, na yi layi har ƙafafuna suka yi tsami. Na samo farasitamol, takunkumin rufe fuska, safar hannu, ma'aunin zafin jiki, da abin shaƙa na asmar Umma guda biyu. Su ne na ƙarshe a kantin, kuma wanda ke hannunta ya kusa ƙarewa. Na jera komai a tsohon akwatin ƙarfe, na tura ƙarƙashin gadonta don ya zama kusa da ita. In cutar nan ta kama ƙirji irin na Umma, ban san yadda zan yi ba. Ni kaɗai gare ta a gidan nan.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ya bugo waya. Da ya ji zancen akwati sai ya kwashe da dariya, wai "Auta ta buɗe asibiti." Shi da ko sabulu bai aiko ba. Mts.

Asabar, 8 ga Maris
Na dawo daga ɗibar ruwa na tarar da matar tela, maƙwabciyarmu, a bakin ƙofa, Umma na miƙa mata wani abu a ƙunshe. Na ce mene ne? Umma ta ce, "Gishiri ne. Ke kam kin cika sa ido." Haka take tun muna yara, ba ta jin wani na ciwo ta zauna lafiya. Na jawo akwati na leƙa, kwalaye na nan a jere yadda na bar su. Har na ji kunyar zargin da na yi mata.

Talata, 11 ga Maris
Motar asibiti ta sake shigowa layinmu.

Juma'a, 14 ga Maris
Umma ta tashi da zazzaɓi, ƙirjinta na kuka, abin shaƙanta ya ƙare. Na ce alhamdulillahi da na yi tanadi. Na ɗauki kwalin farko, na ji shi sakayau. Tsumma ne a ciki. Na biyu ma tsumma. Kwalin farasitamol takarda aka cusa masa. Ma'aunin zafi babu shi babu dalilinsa. Ashe duk wanda ya zo da kukansa sai ta zare na ciki ta ba shi, ta cike kwalin, ta mayar inda yake don kada in gane.

Na daka mata tsawa. Ni, na daka wa Umma tsawa tana neman numfashi. Da ƙyar ta ce, "Yaron tela... ƙirjinsa... yaro ne, Auta." To ke fa? Ke ba rai gare ki ba?

Na ruga gidan tela na yi ta bugun ƙofa, ina jin motsinsu a ciki. Matar ta ce ta bayan ƙofa, "Ki yi haƙuri 'yar uwa, mun ji tarin Umma, ba za mu buɗe ba." Na ce ki miƙo abin shaƙan ta taga mana! Wai ɗaya ya ƙare, ɗayan kuma yaro na bukata. Na zaga kantuna har la'asar, babu.

Asabar, 15 ga Maris
Ma'aikatan asibiti sun ɗauke ta. Ba a barin kowa ya shiga. Na tsaya a ƙofar asibiti da bargonta a hannu, suka ce ba sa karɓa.

Litinin, 17 ga Maris
Nas ta fito mini da saƙo daga Umma. Na matsa kusa da ita. Wai ko yaron tela ya samu sauƙi. Wallahi kamar in kurma ihu. Na ce a gaya mata ya warke sarai. Ban ma sani ba ko gaskiya ne.

Laraba, 19 ga Maris
Umma ta rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba su bar ni na ga fuskarta ba.

Asabar, 22 ga Maris
Yaya ya aiko direba da ƙaton kwali shaƙe da magunguna. Yanzu! Ya sha abinsa. Na juye su a akwati na sa kwaɗo. Matar tela ta yi mini gaisuwa ta katanga, ban amsa ba. Na tsane ta, kuma ba na jin kunyar rubuta hakan.

Alhamis, 27 ga Maris
Tun jiya matar tela ke tari, ana ji ta bango. Irin tarin nan ne. Ina ruwana. Na ƙure rediyo, bai hana ni ji ba. Telan ma an ce yana asibiti.

Da azahar na zuba farasitamol da takunkumi da gishiri da sukari a leda, na ajiye a ƙofarsu, na buga na juyo. Tarin ne ya hana ni sakat, shi ke nan. Ta ce, "Wane ne?" da wata murya can ƙasa. Na shige gida na rufe ƙofa.

Ban yafe ba. Gobe dai zan dafa da ɗan yawa, yaron nan bai iya girki ba.