Kada Ki Kalli Ƙafafunki

Zuwa ga ƙanwata Euis,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya mutanen Batukaras?

Inna ta ce ranar Lahadi za ki shiga gasar hawan igiyar ruwa da dogon allona, amma wai kullum wajen miƙewa tsaye a kan allon kike faɗuwa. Na san matsalar: ƙafafunki kike kallo. Kina kwance a kai, ki dafa allon daidai ƙirjinki, ki zabura lokaci guda, ban da durƙuso. Ƙafar gaba ta sauka kan layin katakon nan na tsakiya, ta baya ta gitta shi. Ido kuwa yana can bakin gaɓa. Za ki iya, ai ni na koya miki iyo.

Ni lafiya lau. Masana'antar kifin nan ta Koriya ba laifi, sanyi ne kawai ke tsaga yatsu. Teku kuwa shekara biyu ke nan ta taga nake ganinsa. Amma kowace safiya sai na gwada zaburar nan sau ashirin a ƙasa tsakanin gadajen ɗakinmu. Jiya Dadang, abokin ɗakina, ya ce, "Kai kwaɗo, a kan siminti za ka ci gasa?"

Na ce masa ƙanwata za ta ci mini. Kada ki ba ni kunya.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanki,
Cecep