Ƙararrawar Kaka Ta Daina Bugawa

Zuwa ga Yayana Limbert,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a gonar kifi. Allah ya tsare ka daga sanyin Chile da ruwan teku. Mu nan Punata lafiya lau. Baba ya gama cire dankali, akuyar Kawu Fermín ta haifi biyu. Na ba maƙwabciyarmu Doña Casilda wannan takarda tunda za ta wajenku.

Yaya, ƙararrawar nan da ka haɗa a tsohuwar kwamfutarka, mai bugawa idan saƙonka ya shigo don Kaka Eulogia ta ji tunda ba ta gani, ta daina. An ɗauke wuta, injin ya manta komai. Na sake rubuta layin umarnin a baƙin allon kwamfutar yadda ka koya mini: alamar sanda a jingine da harafin a, a tsakanin 'yan ƙugiyoyin nan biyu na sama, masu buɗe zance da rufe shi. Maimakon ya buga, sai ya maido mini da sandar da harafin a rubuce. Wata rana na manta ban rufe ƙugiyar ba, ya yi ta jirana layi bayan layi har na yi kuka.

Na daure na je shagon Don Aniceto mai gyara. Ya ce duk abin da aka sa cikin waɗannan ƙugiyoyi injin ba ya taɓa shi, kamar ƙunshin da aka ba ɗan aike, sai an sa wata alama a gabansu. Ya yi dariya, wai 'yar masu dankali ta zama injiniya. Kunya ta hana ni tambayar wace alama ce.

Saƙonninka suna zuwa, ina karanta mata. Amma ta ce ni nake ƙirƙira don in lallashe ta, da ka rubuto da ta ji ƙararrawa. Na buga cokali a kofi don ta zaci ƙararrawar ce, ta ce ita makauniya ce, ba kurma ba. Yanzu ko miyar gyaɗa ba ta sha sai an matsa mata. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma Yaya, tana ramewa.

Don Allah ka rubuto alamar da hannunka, babba, ka ba Doña Casilda. Baba da Kawu Fermín da Inna Rosenda suna gaishe ka. Na tambayi Kaka me zan faɗa maka, ta ce sai ka fara gaishe ta.

Ƙanwarka,
Delfina