Keken Baba ya koma aiki

Laraba, bayan isha'i

Kwana uku babu wuta. Na je gidan mai da jarka, na ji kuɗin lita, na juyo da abata fanko. Ƙasar da ake haƙo mai, amma tela a Yakasai ya kasa tayar da janareto!

Hajiya Binta ta aiko: "Malam Sani, bikin nan Juma'a ne fa. In ba za ka iya ba, a dawo min da yadina."

Sai na jawo keken ɗinki na ƙafa na marigayi Baba, keken da na sha yi wa dariya. Na goge tsatsa, na ɗinka riga biyu. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Saura huɗu. Su yi ta ƙara kuɗin man. Wannan keken da tuwo yake tafiya.