Wandon da Na Rage Sau Huɗu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan sai godiya.

Albishirinki! Tumbin baban yara ya fara sauka. Kin san shi, wuni yake a bayan sitiyarin bas, duk abin da ya gani a tasha sai ya kai baki. A waya na ga wani tsari, azumin rage ƙiba: ba a cin komai sai tsakanin azahar da isha, sauran lokaci ruwa kawai. Na ɗora shi a kai, har kicin nake kullewa da safe. Yana ta mita, wai bai taɓa ganin azumin da ba lada ba.

Sau biyu ke nan ina rage masa wando a keken ɗinkina. Mahaifiyarsa ta zo ta ce ɗanta ya rame, na ce mata ba rama ba ce, lafiya ce. Ranta bai so ba, amma za ta gode mini wata rana.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, yaya gida? Ni kam ba lafiya ba.

Na rage wandon a karo na huɗu, sai na ga ramar ta yi yawa. Na tsare shi da tambaya. Ashe wata uku ke nan da ya daina azumin. Yana sayen abinci a tasha a ɓoye, amma loma biyu sai ta tsaya masa a ƙirji. Ya ƙi faɗa mini ne don yana ganin yadda nake nuna shi ga masu kawo ɗinki, ina alfahari.

Gobe za mu asibiti. Ki sa mu a addu'a.

Auta

Yayata,

Ina gaishe ki daga bencin asibiti. Ƙari ne a hanyar abincinsa, kuma ya yaɗu. Likita ya ce ba azumin ne ya kawo shi ba, rufe mana ido ya yi. Da ramar ta zo haka kawai, ai da tuni mun zo. Wannan maganar ta ƙi barin kunnena. Ina jin tsoro, Yaya, kuma na tsani kaina.

Shi ko baban yara har da wasa, wai zubar da ciki ya fi ɗaukarsa wuya. Ya roƙe ni in ɗinka masa riga daidai jikinsa na yanzu, wadda zai sa ranar sallama. Na ɗinka. Amma na naɗe inci huɗu ta ciki a kowane gefe, ko Allah zai sa ya murmure in farke su. Da ya gwada sai ya laluba ya ji, ya dube ni.

Ki zo, don Allah.

Taki,
Auta