Abin da Ke Cikin Hannun Keken Yaya

Umma,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya. A waya kukanki ba ya bari in kai ƙarshen magana, shi ya sa na zauna na rubuto.

Wata safiya, ana dab da gwajin da za a zaɓi 'yan tseren ƙungiya, ina tsugune a tsakar gida ina shafa wa sarƙar keken Yaya mai. Anti, matarsa, ta kawo masa maganin zuciyarsa da ruwa a kofi, ta tsaya a kansa yadda ta saba. Ya kai hannu baki, ya kora ruwa, har da ɗaga haɓa. Tana juya baya sai na ga ya zare murfin robar da ke toshe bakin hannun keken, ya jefa ƙwayar a ciki, ya mayar. Muka haɗa ido, ya ɗora yatsa a leɓe. Da na girgiza keken sai na ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Ashe ba ranar ya fara ba. A shara kuwa ba zai zubar ba, don Anti ce mai shara, kuma komai ba ya wuce idonta.

Kin tuna lokacin da zuciyarsa ta riƙa gudu ko yana zaune. Likitan da ya ɗora shi a kan maganin ya ce aikinsa kamar birki ne, yana riƙe bugun kada ya yi sama, kuma ya ja masa kunne kada ya yanke shi rana tsaka. To birkin nan bai san tsere ba. In an zo hawan tudu ƙafa tana so, zuciya ta ƙi tashi. 'Yan tseren kuma suna ɗaura wata ɗamara a ƙirji mai aika bugun zuciya zuwa wayar koci. Na kowa ya hau, na Yaya yana kwance. Koci ya tara su ya ɗaga wayar, ya ce ga raggo nan an kama shi, wai zuciya ba ta ƙarya. Daga ranar suka raɗa masa Mai Barci. Yayan da kika sani, wanda gumi ke ɗiga daga haɓarsa har kan taya.

Ya yi wa koci bayanin maganin. Koci ya ce shi 'yan tsere yake horarwa, ba 'yan layin asibiti ba.

Na roƙi Yaya ya koma shan maganin, ya ce a bari gwajin ya wuce. Na faɗa wa Anti, ta yi kuka ta riƙe masa ƙafa, ya rantse mata ya koma sha. Ƙarar dai ƙaruwa ta yi. Sai na tura keken har ƙofar ƙungiya, na tsare koci, na girgiza masa a kunne, na faɗa masa komai. Yana goge tabarau, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce madalla, yanzu ne zai ga zuciyar gaske, ni kuma in koma wajen ba wa tayoyi iska.

Ranar gwajin ina cikin motar da ke bin su, riƙe da tayoyin canji. A kan dogon tudun Yaya ya wuce kowa. Koci na kallon waya yana dukan ƙofar mota don murna, yana ihu wai ga abin da yake nema. Ni wuyan Yaya nake kallo, yadda kansa ke rangaji. Bai kai ƙarshen tudun ba, Umma. Ya kife, ƙafafunsa na maƙale a feda. Murfin nan ya fita, ƙwayoyin suka watse fari fat a kan kwalta. Kafin in sauko, na ga koci ya sa takalmi yana murje su.

Yanzu Yaya yana buɗe ido, yana gane mutane. Likita ya ce zai tashi, amma shi da tsere sun rabu. Har yau bai tambayi kekensa ba.

Na ji koci ya kira ki yana jajantawa, wai shi bai taɓa sanin akwai ciwo ba, a gida ne aka yi sakaci da magani. Na kuma ji kin ce sai Anti ta haɗa kayanta ta bar gidan. Umma, matar nan a kan benci take kwana a asibiti, ƙafafunta sun kumbura. Don Allah kada ki ƙara mata.

Ban iya dogon zance ba, kuma kowa ya san ni da haƙuri, amma wannan ya ƙi haɗiyuwa. Ki gaida Kawu da mutanen gida. In kin ga kamar yarinta ce ke damuna, ranar da na girgiza wa koci keken ba ni kaɗai ba ne a wurin. Mai gadi yana zaune a bakin ƙofa, ya ji komai. Direban ƙungiya kuma shi ya ga takalmin, don sai da ya kawar da kai. Ki sa Kawu ya tambaye su, su ma suna da 'ya'ya.

Ɗanki,
Auta