Geron da Gagarau Ya Ci

Tasawa, ran Laraba

Zuwa ga Baba Jaji, Korgom.

Assalamu alaikum. Baba, so nike ka zo Tasawa kahin Asabar, ka taɓa kofaton wani doki da hannunka. Na sa buƙatar gaba don kar in kasa faɗi. Ina gaisuwa. Ina lahiyarka? Ƙafar taka ta saɓe? Ina Inna da su Yaya Lamine, yaya aikin kaka? Amaryarka, jikar taka, ta hudo haƙori biyu, ta ce har yau ba ta ga zanen da ka yi mata alkawari ba.

Maƙwabciyata Saudatu ce ke rubutawa, ita ta yi lakwal, karatun boko. Na ce ta sa yadda ya hito bakina, kar ta gyara. Salula guda ce gidan nan, tana aljihun surukinka, shi ya sa ban kira ba. Yaya Lamine shi karanta maka, ku biyu kaɗai.

Ka san Gagarau, bidin Alhaji Abdurrahamane, wanda surukinka ke kiwo kuma shi ke hawa. Ran Lahadi za a yi babbar sukuwa a Mayahi. Tun da lokacin sukuwa ya kama ba a zama bargar nan. Da asuba a hita da dawaki gudu, a dawo a wanke, a murje, a auna gero da kanwa. Sauran dawakin kowa na taɓawa. Gagarau kuwa Alhaji ya sa doka, ban da mahayinshi ba mai sa mashi hannu, don tsoron sammu. Ni ko igiyarshi an ce kar in tsallake.

Ran Litinin surukinka da 'yan barga sunka tahi Gidan Amumune sayen harawa. Da azahar rana ta juyo kan turken Gagarau, shina ta haki, ƙuda na cin shi. Baba, cikin dawakinka na tashi, ban iya kallo ba. Na kwance shi na kai shi gindin dogon yaro. Ina cikin ɗauri na hangi yarinya ta rarrafa ta nuhi murhu. Sai na yi mashi zarge guda irin na akuya, na ruga. Kai da ka sha buge mani hannu kan ɗaurin nan!

Geron hurata na nan cikin baho, tiya huɗu, na surfa na jiƙa. Kahin in lallashi yarinya in dawo, ya kwance, kanshi na cikin bahon. Abin da ya bari bai cika ludayi biyu ba.

Na maida shi turkenshi, na share sawu. Jiya ya wuni zawo mai tsami, surukinka ya ce canjin harawa ne. Yau da sahe ya ƙi takawa. Ya miƙa ƙafafun gaba, ya ja jiki baya kamar mai son zama. Na faki ido na taɓa kofato, zahi kamar tukunyar da anka sauke yanzu. Haka akawalin dokinka ya yi shekarar da ya fasa rumbu, wanda kofatonshi ya zare.

Nan sun ce sammu ne daga bargar abokan gasarsu. An ba shi rubutu, an yi hayaƙi. In kai ka zo ka ce ciwon kofato ne, kar a hau shi, za su ji maganarka. Ba sai an ambaci gero ba. Don Allah, Baba.

A gaida Inna, kar a gaya mata komi.

Ɗiyarka,
Zuhura

Tasawa, ran Juma'a

Baba,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina jiki? Allah shi ƙara sauƙi. Mai kabu-kabu, wato mai moton haya, ya kawo amsarka. Na ji ba ka iya hawa moto, wato babur, da ƙafar nan, na kuma ji inda ka ce ko ka zo ba ka ruhe ƙarya da gemunka. Ban yi hushi ba. Ka ce a tsaida dokin cikin laka mai sanyi, a yanke mashi gero, wata uku ba sirdi, ni kuma in gaya wa mijina gaskiya.

Na gaya mashi ɗazu da ya dawo masallaci. Ya aje kohin shayinshi. Sannan ya ce, "Zuhura, kin kashe mu." Bai buge ni ba, da ma ya buga. Ya ce in ja bakina in ɗinke. In Alhaji ya ji mace ta taɓa Gagarau, ɗakin nan na bayan barga sai mu bar shi, kuma daga nan har Maraɗi ba mai ƙara miƙa mashi linzami.

Na ce to kar ka hau. Ya ce in ya ƙi hawa sai an tambayi dalili.

Ga abin da ya hi tada mani hankali. Jiya Alhaji ya kawo wani mai allurar dabbobi daga kasuwa. Anka soka wa Gagarau allura a wuya, kahin la'asar sai ga shi shina takawa, har da haniniya. Barga ta ɗauki murna, wai sammu ya karye. Baba, zahin na nan, ji ne kawai dokin ba ya yi. Mutumin ya ce zai bi su Mayahi shi ƙara mashi wata kahin a jera.

Surukinka ya sani. Da rana na gan shi ta bayan danga shina kwarara wa kofaton ruwan randa, shina waige-waige. Amma ya ce zagaye biyu ne kawai, doki mai zuciya shina iyawa, kuma moton da za a ba na farko Alhaji ya ce zai bar mashi. Na ce dokin da bai jin ƙafarshi, in ya kihe a kwana, dawaki goma sha biyar na bayanka, wa zai tsaida su? Ya ce, "A'a, ɗiyar Jaji ta zama dokotoro." Sati biyu ke nan bai ci tuwo ba don kar shi yi nauyi. Ba hular kwano, ƙafa ba takalmi, haka suke hawa. Mahayin da ya faɗi bara a kwanar nan, har yau juya shi ake a tabarma, matarshi ke ba shi kunu da ludayi. Ta girme ni da shekara guda.

Saudatu ta aje biro ta ce in tahi wurin Alhaji. Ni kuwa na ga Alhaji jiya ya duƙa ya taɓa kofaton, ya janye hannu da sauri, ya miƙe shina duba agogo. Shi ma ya sani.

Gobe bayan la'asar kamyo, babbar motar kaya, zai ɗauke su. Nonona har ya ja baya, yarinya sai kuka. Ka sa mu addu'a.

Ɗiyarka,
Zuhura

Tasawa, ran Asabar

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ƙafa? Ka turo Yaya Lamine da amalanke ran Litinin. Ban sani ba ko kayanmu duka zai ɗauka, ko nawa da na yarinya kaɗai.

Yau da sahe sunka hita da sauran dawaki gudu, ni kuma na goya ɗiyata na tari kabu-kabu. Ban nemi izini ba. Urafane na tahi, wurin Iya Lalla, mahaihiyarshi. Shekara uku da aurena ban taɓa ɗaga ido na dubi huskarta ba, ko ruwa ban sha gabanta. Na iske ta a masussuka cikin mata. Na so ta keɓe, ta ce mi ya kawo ni da rana tsaka ba aike. Sai na durƙusa nan cikin ƙaiƙayi na zazzage mata duka, igiya, baho, allura. Taɓarya duk ta tsaya.

 Ta karkaɗe zane, ta yafa mayahi, ta hau moton nan, ni da goyo a bayanta. Duk hanya bayanta kawai nike kallo.

Munka iso kamyo ya riga ya ja baya ƙofar barga, an aza katakon hawa. Surukinka na riƙe da Gagarau. Iya ta wuce mutane ta zauna daɓas bisa katakon, ta miƙe ƙafafu. Direba ya ce, "Tsohuwa, Mayahi za ki? Ba mu ɗaukar jakai fa." Ko kallo bai samu ba. Ta kira ɗanta da sunan yanka. Saudatu, ke rubuta, ni ba ni faɗi. Ta ce, "Mutari, in ka ɗora ƙafa bisa dokin nan, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

 Ya ce, "Iya, ki bari mu shiga ciki mu yi magana." Ta ce ta gama tata.  Sannan ya zare linzamin ya rataye a turke.

Alhaji ya ce wani shi hau. Mahaya biyu na nan, kowane ya duƙa ya taɓa kofaton, doka ko ba doka. Guda ya ce cikinshi ke ciwo. Gudan ya ce shi ma shina da uwa. Kamyo ya tahi da dawaki uku. Gagarau na cikin laka yanzu, yadda ka ce.

Surukinka bai dube ni ba har yanzu. Iya ma ba ta amsa sannuna ba, amma ta karɓi yarinya tana jijjigawa. Ko mi za su yanke kan aurena, gobe surukinka shina gida da ƙafafunshi.

Kar ka wahal da kanka wajen ɓoyewa. Saudatu ta sani, shi ya sani, matan Urafane sun sani. Da Alhaji ya fara ihu wai waccan barga ta sayi mahayinshi, har shina kiran jandarma, na hito gaban kowa na ce ni ce, ni na kwance dokin, gerona ya ci. Ya ba mu zuwa Litinin mu bar ɗakin. Inna kaɗai ta rage, ita kai ka gaya mata, ban iyawa.

Ɗiyarka,
Zuhura