Zagayen banza da aka hana yi wa gangar jima

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wata masana'antar fata a Challawa, ni da aminina, bari in kira shi Injiniya. Shi ya rubuta furogiram ɗin kwamfuta da ke auna asid cikin gangar jimar fata, da yaren kwamfuta na C++, lokacin yaren ma bai gama shigowa gari ba, ni kuma ɗan kallo ne mai riƙe masa faifan fulofi. Ya yi kilas guda na ganga, wato sashen furogiram da ke riƙe bayananta, a ciki akwai gurbin yawan asid, amma a kwanstirakta, wato wurin da ake ba kowane gurbi ƙimarsa ta farko da zarar an ƙirƙiri abu, sai ya manta bai sa masa sifili ba. Gurbin da ba a ba shi komai ba kuwa, duk tarkacen da ya tarar a ƙwaƙwalwar kwamfuta shi yake ɗauka. Galibi sifili yake tararwa, shi ya sa muka yi ta cin sa'a.

Ran nan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, gurbin ya ɗauko wata lamba ba sifili ba, famfo ya kwararo asid a hannun wani lebura mutumin Panshekara. Aka ce sakacinsa ne, aka sallame shi. Injiniya ya gano gaskiya, ya ji tsoron taɓa furogiram ɗin kada a tambaye shi dalili, sai ya kafa doka: duk sanda wuta ta dawo, a bar ganga ta yi zagaye ɗaya ba kowa kusa, har gurbin ya samu ƙimarsa ta gaskiya. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, ni kuma da rawar kan ƙuruciya na rantse.

Ashe har yau furogiram ɗin suke amfani da shi, kwafarsa kawai suke yi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ɗana ne ya gaya mini, don can ya samu aiki, yana dariya wai sabon manaja ya soke zagayen banzan nan, ya ce camfin tsofaffi ne da ɓarnar gas.

Na je Na'ibawa wurin Injiniya, ya tsufa, ido ya tafi. Na roƙe shi ya sake ni daga rantsuwar, muka yi sa-in-sa, ya ce leburan nan yanzu surukinsa ne, jikokinsu ɗaya. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka bari in mutu tukuna."

In na je wa manaja ba hujja, zai ce ni tsoho ne mai camfi. In na kawo hujja, na tona aminina kuma na karya rantsuwa. Ranar Litinin za a mayar da ɗan nawa kan gangar, ga damina ta kama, wuta ba ta zama. Ku gaya mini, wa zan fara zuwa wurinsa?